Leander Paes da wasan tanis na 'yan bibbiyu: gwanintar gaban raga da tsadar rabuwa da aboki

Wanda ya duba tarihin Leander Paes a wasan tanis na 'yan ɗaiɗai kawai ba zai ga wani abin a zo a gani ba. Matsayi mafi girma da ya taɓa kaiwa a jerin gwanayen duniya shi ne na 73, a shekarar 1998, kuma kofi ɗaya tak ya ɗauka a gasannin hukumar ATP, mai kula da wasan ƙwararrun maza, wanda ya ci a Newport ta ƙasar Amurka a wannan shekarar. Amma wannan ɗan Indiya, wanda aka haifa a birnin Kalkata ranar 17 ga Yunin 1973, ya bar fili da manyan kofuna 18 na gasannin Grand Slam, wato manyan gasanni huɗu na Ostireliya da Faransa da Wimbledon da Amurka, takwas a wasan maza bibbiyu, goma a wasan haɗakar mace da namiji, ya kuma wakilci ƙasarsa a gasar Olamfik sau bakwai a jere, daga 1992 zuwa 2016. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lissafai biyu ita ce ta sa mutane da yawa suke yanke hukuncin cewa wasan 'yan bibbiyu mafaka ce ta waɗanda suka kasa tsayawa su kaɗai. Ina ganin wannan hukunci bai yi adalci ba, kuma rayuwar Paes a fili ita ce hujja mafi ƙarfi a kan cewa wasan bibbiyu sana'a ce mai zaman kanta, wadda take neman wasu baiwowi dabam da waɗanda wasan ɗaiɗai yake nema.

Sai an fara da filin kansa kafin a fahimci maganar. Tsawon filin tanis mita 23.77 ne, faɗinsa kuma mita 8.23 idan mutum ɗaya ne yake fuskantar mutum ɗaya. Idan bibbiyu ne, ana ƙara siririn layi mai faɗin mita 1.37 a kowane gefe, sai faɗin ya koma mita 10.97. Wato an ninka yawan 'yan wasa, amma filin ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku ne kawai, saboda haka wurin da kowane mutum zai tsare bai kai mita biyar da rabi ba. Abin da wannan ke haifarwa shi ne, gudun dogon zango da juriyar musayar bugu ashirin daga bayan fili, waɗanda su ne jarin ɗan wasan ɗaiɗai, darajarsu tana raguwa, sai darajar saurin hannu da saurin gane inda ƙwallo za ta bi ta hau. Kusan a kowane maki akwai mutum ɗaya daga kowane ɓangare da yake tsaye a gaban raga, yana jiran ya tare ƙwallo kafin ta taɓa ƙasa, kuma yawancin maki suna ƙarewa ne cikin bugu uku ko huɗu. Wanda yake gaban raga yakan ɓoye hannu a bayansa ya yi wa abokinsa mai buga sabis, wato bugun da ake fara kowane maki da shi, alama da yatsu, ya nuna masa inda zai jefa ƙwallo da kuma ko shi zai tsallaka ɗaya gefen ya yi kwanton ɓauna ko zai tsaya a inda yake. Wani lokaci yakan durƙusa a tsakiyar raga domin kada mai karɓar sabis ya san ta ina zai miƙe. Mai karɓa kuwa ba shi da damar ya mayar da ƙwallo ta tsakiya a hankali kamar yadda ake yi a wasan ɗaiɗai, dole ya saita ta ta wuce ta gefen mai tsaron raga ko ta saman kansa, in ba haka ba an kashe makin nan take.

A wannan fili ne raunin Paes ya daina zama rauni. Tsawonsa mita 1.78 ne, a zamanin da manyan 'yan wasa suke haura mita 1.85 suna harba sabis kamar harsashi. Sabis ɗinsa bai taɓa zama abin tsoro ba, bugunsa na bayan hannu kuma yawanci yanka ƙwallo yake yi ta tafi ƙasa-ƙasa maimakon ya naushe ta da ƙarfi. Abin da Allah ya ba shi shi ne ƙafa mai sauri a gajeren taku, da hannu mai laushi wanda zai iya karɓar ƙwallo mai gudu ya sauke ta a gindin raga, da kuma ido mai karanta kafaɗar abokin hamayya kafin ya buga. Gidan da ya fito ma gidan wasa ne. Mahaifinsa, Vece Paes, likita ne kuma yana cikin tawagar hoki ta Indiya da ta ci lambar tagulla a Olamfik ɗin Munich a 1972, mahaifiyarsa Jennifer kuma ta taɓa zama kyaftin ɗin tawagar ƙwallon kwando ta mata ta ƙasar. Tun yana yaro aka kai shi makarantar horar da tanis ta iyalan Amritraj da ke Madras, birnin da yanzu ake kira Chennai, ya ci gasar matasa ta Wimbledon a 1990 da ta Amurka a 1991, ya zama na ɗaya a duniya a cikin matasa. Da ya shiga cikin manya sai ta bayyana cewa dabara kaɗai ba za ta ishe shi ya riƙa doke ƙarfafa mako bayan mako ba.

Duk da haka, idan tutar ƙasarsa ce a ƙirjinsa yakan zama wani mutum dabam. Ya fara buga gasar Davis Cup ta ƙasashe a 1990 yana da shekara 16. A 1993, a garin Fréjus, a kan filin jar ƙasa wanda Faransawa suka zaɓa da kansu domin sun san 'yan Indiya sun fi sabawa da ciyawa, ya doke Arnaud Boetsch da Henri Leconte, Indiya ta fitar da Faransa da ci 3-2 ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A 1995 ya doke Goran Ivanisevic a Delhi bayan an riga an cinye shi zango biyu na farko. Sai kuma Atlanta a 1996, inda ya shiga gasar Olamfik da tikitin alfarma domin matsayinsa yana can bayan na 100, ya yi ta cin waɗanda suka fi shi matsayi har sai da ya haɗu da Andre Agassi a wasan kusa da na ƙarshe ya sha kaye, sannan ya doke Fernando Meligeni na Burazil da ci 3-6, 6-2, 6-4 da ciwo a wuyan hannunsa, ya ɗauki tagulla. Wannan ita ce lamba ɗaya tilo da Indiya ta samu a Atlanta, ita ce ta farko tun zinariyar hoki ta 1980, kuma ita ce ta farko da wani ɗan Indiya ya ci shi kaɗai tun bayan ɗan kokawa K. D. Jadhav a 1952. Bayan shekara biyu ya doke Pete Sampras a New Haven. Na kawo waɗannan ne domin a san cewa wanda ya koma wasan bibbiyu ɗin nan ya riga ya nuna zai iya kayar da kowa a rana guda, abin da ba shi da shi kawai shi ne makaman da za su riƙe shi a sama shekara da shekaru.

Sa'ar da ya yi ita ce a daidai wannan lokaci Indiya ta fitar da wani yaro da ya cike giɓinsa daidai wa daida. Mahesh Bhupathi, wanda Paes ya girma da shekara ɗaya, ya fi shi tsawo, ya fi shi ƙarfin sabis, kuma bugunsa na bayan hannu yana cikin mafi kyau a wasan bibbiyu na zamaninsa, musamman wajen mayar da sabis. Shi ne ɗan Indiya na farko da ya ci kofin Grand Slam, a haɗakar mace da namiji a Faris a 1997 tare da Rika Hiraki ta Japan. Rabon aiki tsakaninsu a bayyane yake: Bhupathi yana tsaye a gefen hagu yana tura ƙwallo da nauyi zuwa ƙafafun abokan hamayya, wanda hakan yake tilasta musu su ɗago ta sama, Paes kuma yana gaban raga yana jiran abin da aka ɗago ɗin ya ƙarasa shi. Aikin nasu ya yi kama da na mata biyu masu lugude a turmi ɗaya, kowace taɓarya tana sauka ne a daidai lokacin da ɗayar ta tashi, kuma da zarar ɗaya ta yi gaggawa ko jinkiri sai su yi karo. Sun ci kofinsu na farko a Chennai a 1997. A 1999 suka kai wasan ƙarshe a dukan manyan gasanni huɗu cikin shekara ɗaya, abin da babu wasu maza biyu da suka yi tun da aka buɗe wa ƙwararru ƙofar waɗannan gasanni a 1968. Sun sha kaye a Ostireliya a hannun Jonas Björkman da Patrick Rafter, suka ci na Faransa da na Wimbledon, suka rasa na Amurka a hannun Sébastien Lareau da Alex O'Brien. A wannan shekarar kowannensu ya hau matsayi na ɗaya a duniya, kuma a Wimbledon ɗin Paes ya haɗa da kofin haɗaka tare da Lisa Raymond.

A lokacin Paes yana da shekara 26, Bhupathi yana da 25. Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne shekara goma na mulki, amma abin da ya biyo baya shi ne rabuwa. An yi wa Bhupathi tiyata a kafaɗa a ƙarshen 1999, kuma kafin ya gama murmurewa dangantaka ta yi tsami. Jaridun Indiya sun yi ta kawo labarin saɓani a kan mai horarwa, da a kan wanda ya fi cancantar yabo a cikinsu, da kuma shigar makusanta cikin lamarin. Sun sasanta suka sake cin kofin Faransa a 2001, suka sake rabuwa a 2002, daga nan kuma sai aka koma haɗuwa idan ƙasa ta kira, a rabu idan an sauka daga jirgi. A gasar ƙasashen Asiya da aka yi a Doha a 2006 sun ci zinariya tare a makon da suke jifan juna da maganganu a gaban 'yan jarida. A 2008 wasu 'yan wasan Davis Cup na Indiya, cikinsu har da Bhupathi, sun rubuta wa hukumar tanis ta ƙasar cewa ba za su yi wasa a ƙarƙashin Paes a matsayin kyaftin ba. Sun sake gwadawa a 2011, suka kai wasan ƙarshe a Ostireliya, suka ci Miami da Cincinnati, shekara na ƙarewa kowa ya kama gabansa.

Zo mu zauna zo mu saɓa ne, amma a wasan bibbiyu akwai dalilai na sana'a da suke hura wutar saɓanin, kuma ba a cika faɗarsu ba. Babu kwantiragi tsakanin abokan wasa, babu kulob da ya ɗauke su aiki, babu manaja da zai zaunar da su ya raba gardama. Kowannensu ɗan kasuwa ne mai cin gashin kansa, yana biyan kuɗin jirginsa da na mai horar da shi, kuma makin da suka ci tare ana rubuta wa kowa nasa ne a jerin gwanaye, yana iya ɗaukar abinsa ya tafi wurin wani gobe. Idan ɗaya ya ji ciwo, ɗayan yana da zaɓi biyu masu ɗaci, ko ya zauna yana kallon makinsa na zubewa, ko ya nemi wani abokin a ce ya ci amana. Sannan suna tare kusan mako 30 a shekara, otal ɗaya, filin atisaye ɗaya, kuma duk ranar da aka sha kaye kowa ya san bugun wa ne ya faɗa raga. A kan wannan sai a ƙara cewa su biyun nan su ne kaɗai taurarin tanis na ƙasa mai mutum sama da biliyan ɗaya a lokacin, kowace kalma da ɗaya ya furta sai ta zama kanun labari.

Idan ana son a ga abin da rabuwar ta ci, a duba waɗanda suka zauna tare. Todd Woodbridge da Mark Woodforde na Ostireliya sun ci manyan kofuna 11 da zinariyar Olamfik ta 1996. Tagwayen Amurka, Bob da Mike Bryan, sun ci manyan kofuna 16 da kofuna 119 gaba ɗaya. Paes da Bhupathi uku kawai suka ci tare, alhali a Davis Cup, inda dole ta sa suke haɗuwa, sun ci wasa 24 a jere, wanda har yau babu wasu biyu da suka kai haka. Wannan adadi shi kaɗai ya isa ya nuna cewa fahimtar junan da ke tsakaninsu a cikin fili ba ta taɓa lalacewa ba, zuciya ce ta ƙi. Inda abin ya fi ciwo shi ne Olamfik. A Sidni a 2000 Woodbridge da Woodforde suka fitar da su a zagaye na biyu. A Athens a 2004 sun kai wasan neman tagulla, suka fafata da Mario Ancic da Ivan Ljubicic na Kuroshiya kusan awa huɗu har bayan tsakar dare, suka faɗi da ci 16-14 a zango na ƙarshe. A Beijin a 2008 Roger Federer da Stan Wawrinka, waɗanda suka ci zinariya a ƙarshe, suka tsayar da su a wasan daf da na kusa da ƙarshe. A ra'ayina, da suna wasa tare duk shekara maimakon su haɗu 'yan makonni kafin gasa, da wuya a ce ba su samu lamba ko ɗaya ba a cikin waɗannan damammaki. Rigimar Olamfik ɗin Landan ta 2012 kuwa ba ta yi wa kowa kyau ba. Bhupathi da Rohan Bopanna suka ƙi yin wasa da Paes, hukumar ƙasar ta haɗa shi da matashi Vishnu Vardhan, aka kuma ba shi Sania Mirza a haɗaka domin a rarrashe shi, ita kuma ta fito fili ta ce an mayar da ita abin lallashi a rikicin maza. Indiya ta koma gida babu lamba ko ɗaya a tanis.

Abin mamaki shi ne, mutumin da ya kasa riƙe abokin da ya fi dacewa da shi shi ne kuma ya fi kowa iya sajewa da sabon aboki. Cikin manyan kofunansa 18, goma sha huɗu ya ci su ne bayan rabuwar 2002. Da Martin Damm ya ci na Amurka a 2006, da Lukas Dlouhy ya ci na Faransa da na Amurka a 2009, da Radek Stepanek ya ci na Ostireliya a 2012 da na Amurka a 2013, kuma dukan ukun nan 'yan Jamhuriyar Cek ne, masu kyakkyawan sabis ko mayar da sabis, irin waɗanda za su gina masa maki daga baya shi kuma ya ƙarasa a gaba. A nan ake ganin cewa zaɓen aboki ma wani ɓangare ne na gwanintar. Paes ya san abin da ba shi da shi, kuma kullum shi yake nema a wurin wani. Kofin Ostireliya na 2012, wanda suka ci bayan doke tagwayen Bryan a wasan ƙarshe, shi ya cika masa dukan manyan kofuna huɗu a wasan maza. A gasar Amurka da aka yi a New York a 2013 kuma tagwayen sun zo ne da kofunan Ostireliya da Faransa da Wimbledon na shekarar a hannu, saura ɗaya su kafa tarihi, sai Paes da Stepanek suka tare su a wasan kusa da na ƙarshe, suka wuce suka ci kofin. Paes yana da shekara 40 a ranar, kuma kafin shi babu wanda ya kai wannan shekaru ya ci babban kofin wasan maza bibbiyu tun 1968, daga baya Bopanna ya ci na Ostireliya a 2024 yana da 43. Zuwa 2015 ya yi wasa da abokai maza 100 dabam-dabam.

Haɗakar mace da namiji tana da nata lissafin, kuma a nan ne ya fi kowane namiji na wannan zamani yawan kofuna. Kuskuren da maza da yawa suke yi a irin wannan wasa shi ne su nemi tsare fili duka su kaɗai, su bar gefensu a buɗe, su kuma karya wa abokiyar wasa gwiwa. Bayan Lisa Raymond, Paes ya yi dace da wasu mata uku waɗanda kowacce ta taɓa zama ta ɗaya a duniya a wasan bibbiyu, kuma ya san ya bar su su yi aikinsu. Da Martina Navratilova ya ci Ostireliya da Wimbledon a 2003 tana da shekara 46, kuma kofin Wimbledon ɗin shi ne nata na 20 a wannan fili, wanda ya daidaita ta da Billie Jean King. 'Yan makonni bayan haka aka kwantar da shi a asibiti a Orlando bayan an ga wani abu a ƙwaƙwalwarsa da aka fara tsoron ƙari ne, daga baya aka gano wata tsutsa ce ta haddasa shi. Navratilova ta ƙi neman wani abokin haɗaka a gasar Amurka ta shekarar, kuma da ya warke suka koma tare har suka kai wasan ƙarshe a Ostireliya a 2004. Da Cara Black ta Zimbabuwe, wadda tana cikin manyan 'yan tanis da nahiyar Afirka ta fitar, ya ci Amurka a 2008, da Ostireliya da Wimbledon a 2010. Da Martina Hingis ta Siwizalan ya ci uku cikin huɗu a 2015, sannan suka ƙarasa da na Faransa a 2016 bayan doke Sania Mirza da Ivan Dodig, yana daf da cika shekara 43.

Tsawon rai a fili irin wannan ba jiki kaɗai ya ba shi ba, sauyin dokoki ma ya taimaka, duk da cewa sauyin ya samo asali ne daga raini. A 2005 hukumar ATP ta fito da shirin da zai rage wa ƙwararrun 'yan bibbiyu gurbi a gasanni domin a ba taurarin wasan ɗaiɗai, bisa hujjar masu shirya gasa cewa 'yan bibbiyu suna cin kuɗi da ɗakunan otal ba sa sayar da tikiti. 'Yan wasan, cikinsu har da tagwayen Bryan, suka kai ƙara kotu a Amurka, aka sasanta. Daga 2006 aka gajarta wasan a gasannin ATP, maki ɗaya yake raba gardama idan aka yi kunnen doki, zango na uku kuma aka mayar da shi tseren maki goma. Tsawon wasan ya ragu ya koma awa ɗaya da 'yan mintuna, wanda hakan ya sauƙaƙa wa masu shekaru, ya kuma ƙara wa natsuwa a maki guda daraja. Amma rainin yana nan a cikin aljihu. A Wimbledon ta 2024 zakaran ɗaiɗai ya karɓi fam miliyan 2.7, zakarun bibbiyu suka raba fam 650,000, na haɗaka kuma suka raba fam 130,000. Duk abin da Paes ya samu na kyautar gasa cikin kusan shekara 30 bai wuce dala miliyan takwas da rabi da 'yan kai ba, alhali zakaran ɗaiɗai na gasar Amurka ta 2025 ya ɗauki dala miliyan 5 cikin mako biyu.

Ƙarshen aikinsa ya zo da irin takaddamar da ta bi shi tun farko. A 2017 Bhupathi, wanda ya zama kyaftin ɗin Davis Cup, ya ajiye shi a karawar Indiya da Uzbekistan. A Afrilun 2018 aka dawo da shi, kuma a birnin Tianjin na ƙasar Sin, tare da Bopanna da ya taɓa ƙin wasa da shi, Bhupathi yana zaune a kujerar kyaftin, ya ci wasansa na bibbiyu na 43 a gasar, ya wuce Nicola Pietrangeli na Italiya da ya daɗe yana riƙe da tarihin. Ya tsaya a 45, na ƙarshe a Zagreb a watan Maris na 2020. Ya riga ya sanar cewa 2020 ce shekararsa ta bankwana, sai annobar korona ta rufe filaye, bai samu zagayen sallamar da ya tsara ba. A Yulin 2024 aka shigar da shi zauren karrama gwanayen tanis na duniya da ke Newport tare da Vijay Amritraj, suka zama maza na farko daga nahiyar Asiya da suka samu wannan karramawa.

Masu cewa da manyan 'yan ɗaiɗai za su shiga wasan bibbiyu da gaske da sun kwashe kofunan duka suna da abin kafa hujja, domin Federer da Wawrinka sun ci zinariya a Beijin, John McEnroe kuma ya taɓa zama na ɗaya a ɓangarorin biyu. Amma McEnroe ya yi hakan ne domin ya ɗauki wasan bibbiyu sana'a yana buga shi duk mako, kuma an gwada maganar a zahiri ba da daɗewa ba. A 2025 masu shirya gasar Amurka suka sauya tsarin haɗakar mace da namiji, suka matsar da ita zuwa makon da ke gaban babbar gasa, suka rage ta zuwa tawagogi 16, suka gajarta zanguna, suka sa kyautar dala miliyan ɗaya, suka kuma raba yawancin guraben bisa matsayin wasan ɗaiɗai da tikitin alfarma ga taurari. Kusan dukan ƙwararrun 'yan bibbiyu an bar su a waje. Sara Errani da Andrea Vavassori na Italiya, masu riƙe da kofin, da tikitin alfarma suka samu shiga, suka bi taurarin ɗaya bayan ɗaya, suka doke Iga Swiatek da Casper Ruud a wasan ƙarshe. Filin ya cika da 'yan kallo, masu shiryawa sun samu abin da suke so, kuma ba na ganin za su koma tsohon tsari cikin sauƙi. A ƙarƙashin irin wannan tsari, Paes na 2008 da na 2015, wanda ya daɗe da barin wasan ɗaiɗai kuma ba shi da matsayi a cikinsa, da sai ya jira a yi masa alfarma kafin ya shiga gasar da ya ci sau biyu.